Kyamara marar madubi: Abin da mai jari zai duba kafin ya zare kuɗi a Gabi

A garin Gabi da ke cikin gundumar Madarunfa a jihar Maraɗi, kamar sauran garuruwan da ke bakin iyakar Nijar da Najeriya, da zarar an gama girbi an zuba gero a rumbu sai bukukuwa su kankama, yau ɗaurin aure a wannan unguwa, gobe suna a waccan, jibi kuma kai amarya wani ƙauye. A duk waɗannan taruka akwai mutum guda da ba a rasa shi, wato mai hoto, wanda za ka gan shi rataye da jaka yana kutsawa tsakanin mata yana cewa a ɗan matso, a ɗan gyara mayafi. Galibi kuma kuɗin da yake karɓa daga lalitar iyaye mata yake fitowa, musamman 'yan kasuwa daga cikinsu, domin su ne ba su yarda a yi bikin 'yarsu ba tare da an bar abin tunawa ba.

To sai dai ba nan kaɗai kuɗin mata ke shiga wannan sana'a ba. Sau da yawa kyamarar da ke wuyan yaron ma da kwasar adashin uwarsa aka saye ta, ko kuma wani kawunsa mai shago ne ya ba shi rance. A 'yan shekarun nan kuwa zancen da ke bakin matasa masu hoto shi ne tsohuwar kyamara ta zama tsohon yayi, sai an koma wa wadda ake kira marar madubi. Wannan ya sa muka ga ya dace mu zauna da masu karatunmu mu baje wannan haja a faifai, domin duk wadda ɗanta zai zo ya durƙusa ya ce, "Inna, a taimaka mini in canza kyamara," ta san tambayoyin da za ta yi masa kafin ta kwance bakin zane.

Da farko dai, mene ne madubin da ake magana? Manyan kyamarorin da aka saba gani a wurin biki, irin su Canon 600D da 700D ko Nikon D3500, akwai wani ɗan madubi a cikinsu wanda ke karkata hasken da ya shigo ta gilashin gaba zuwa ramin da mai hoto ke leƙawa. Idan ya danna sai madubin ya ɗaga sama, hasken ya faɗa kan sensa, wato ɗan farantin da ke kama hoton, sannan ya dawo. Wannan ɗagawa da dawowa tana cikin ƙarar nan da ake ji ƙaras. A sabuwar kuwa an cire madubin ɗungurungum, haske yana zuwa kan sensa kai tsaye, abin da mai hoto ke gani kuma wani ɗan ƙaramin talabijin ne.

Ba jiya aka fara ba. Kamfanin Panasonic na ƙasar Japan ne ya fito da Lumix G1 a shekarar 2008, Sony ya biyo da A7 mai babban sensa a 2013, sannan a 2018 manyan giwayen biyu, Canon da Nikon, suka shigo da ƙarfinsu, ɗaya da EOS R, ɗayan da Z6 da Z7. Tun daga nan kusan duk wani sabon samfuri da sabon gilashi da waɗannan kamfanoni biyu ke fitarwa na marar madubi ne. Saboda haka yaran ba ƙarya suke yi ba idan sun ce can duniya ta nufa. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne, tsohuwar kyamara ba ta daina ɗaukar hoto mai kyau ba don kawai an haifi ƙanwarta.

Akwai abubuwa biyu da muke ganin sabuwar ta yi wa tsohuwar fintinkau a aikin biki. Na farko, mai hoto yana ganin yadda hoton zai fito tun kafin ya danna. Duk wanda ya taɓa ganin hoton amarya baƙa kyakkyawa sanye da farin leshi a tsakar rana, inda leshin ya fito fes amma fuskar ta zama duhu, ko fuskar ta fito amma adon leshin ya ɓace, ya san darajar wannan. Na biyu, sababbin suna gane idon mutum su bi shi ko yana rawa ko yana juyi, kamar yadda Sony a6400 ta yi suna da shi tun fitowarta a 2019. Ga wanda ke haɗa hoto da bidiyo, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Amma mu je ga gundarin magana, wanda shi ne inda jari ke nutsewa. Wanda ya sayi irin wannan kyamara ba gangar jikinta kaɗai ya saya ba, ya shiga gida ne, kuma kowane gida da irin bakin da ake ɗaura wa gilashi. Bakin Sony daban, na Canon daban, na Nikon daban, na Fujifilm daban, gilashin wannan ba ya hawa waccan kai tsaye. 'Yan kasuwa sun fi kowa sanin wannan karatu, domin mai injin niƙa bai taɓa sayen injin da ba a samun kayan gyaransa a Maraɗi ba, komai kyansa. Gangar jiki takan tsufa cikin 'yan shekaru, gilashi mai kyau kuwa yakan yi shekara goma ko ashirin yana aiki, kuma a ƙarshe za a tarar kuɗin da aka zuba a gilasai ya fi na kyamarar kanta.

Don haka tambayar farko da za a yi wa yaro ita ce, waɗanne gilasai gare ka yanzu? Idan yana da na Canon irin na da, waɗanda ake kira EF, akwai wani zobe da kamfanin ya yi, adafta, wanda ke sa su hau sababbin kyamarorinsa na jerin R su yi aiki sumul. Nikon ma yana da nasa mai suna FTZ, sai dai a lura, wasu tsofaffin gilasansa, waɗanda kyamara ce ke juya su da ɗan sukurun da ke bakinta, ba su saita kansu a kan wannan zobe, sai dai a murɗa da hannu. Wanda ya tara gilasai biyu ko uku na gida ɗaya sannan ya tsallaka wani gida saboda ya ga abokinsa da ita, ya zama kamar wanda ya sayar da akuya ta dawo tana ci masa danga, domin zai karyar da nasa da araha ya sake sayen irinsu da tsada.

A nan ne kuma za mu ja kunnen masu saye game da wani tarko da ke kasuwa. Kafin jerin R, Canon ya yi wasu ƙananan kyamarori marasa madubi da ake kira EOS M, mafi shahara a cikinsu ita ce M50. Kyakkyawa ce, ba nauyi, kuma yanzu ana samunta ta hannu da sauƙin kuɗi. Dalilin sauƙin shi ne kamfanin ya rufe wannan layi a 2023, kuma gilasan da aka yi domin ita ba su hawa jerin R, babu ma zoben da zai haɗa su. Wanda ya saye ta da saninsa, don ya yi aikin shekara biyu ko uku da tsofaffin gilasansa na EF ta hanyar adafta, bai yi laifi ba. Amma wanda aka ce masa ita ce ta zamani, ya zuba mata kuɗi yana tara gilasanta, ya gina ɗaki ne a filin aro. Haka ya faru da waɗanda suka sayi kyamarorin NX na Samsung kafin kamfanin ya bar sana'ar.

Ga wanda ba shi da komai, zai fara daga tushe, gidan Sony yana da wata fa'ida da talaka zai so. Tun 2011 kamfanin ya ba wasu masu ƙera gilashi damar yin nasu da zai hau bakinsa, shi ya sa ake samun na Sigma da Tamron da Viltrox birjik, sababbi da na hannu, a farashi iri-iri. Canon ya daɗe yana riƙe da ƙofarsa, sai a 2024 Sigma da Tamron suka sanar da gilasan da za su hau ƙananan kyamarorinsa na jerin R da izininsa.

Sai maganar batir, wadda a Turai ƙaramar magana ce amma a Gabi ita ce babba. Tunda marar madubi talabijin take kunnawa duk lokacin da aka leƙa, cin wutarta ya fi na tsohuwar nesa ba kusa ba. A ma'aunin da kamfanonin kansu ke amfani da shi, Nikon D3500 mai madubi tana ɗaukar hoto 1,550 da caji ɗaya, alhali Sony a6400 tana tsayawa a wajen 410, babbar yayarta A7 III mai babban batir kuma 710. Mai hoton da zai hau babur ya tafi wani ƙauye ta wajen dajin Baban Rafi, ya wuni ya kai dare, ba inda zai soka caja, dole ya yi wannan lissafi. Ba mu manta ba kuma da abin da ya faru a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka shafe watanni har zuwa farkon 2024 kafin a dawo da ita. Saboda haka duk kyamarar da za a saya, a tabbatar tana karɓar caji ta igiyar USB daga batirin ajiya irin na waya ko daga sola, a kuma sa kuɗin batir biyu ko uku na ƙari cikin farashinta tun farko. Batirin jabu ya cika kasuwa, yana kumbura a cikin zafi, wani lokaci har ya maƙale a cikin kyamara.

Ƙura ita ce abokiyar gaba ta biyu. A tsohuwar kyamara, idan aka cire gilashi, madubi da ƙyauren da ke bayansa suna tsare sensa. A mafi yawan sababbin kuwa, ana cirewa sai ga sensa tsirara tana kallon sama. A yi tunanin wannan a cikin hunturu, a filin da 'yan mata ke rawa ƙura ta turnuƙe. Ƙwayar ƙura ɗaya idan ta zauna a kan sensa za ta fito a matsayin ɗigo a wuri guda cikin kowane hoto, a goshin amarya, a farar rigar ango, har sai an goge ta. Wasu samfura, irin su Canon R6 da R7 da Sony A7 IV, suna iya rufe ƙyaurensu idan an kashe su, kuma wannan abin a tambaya ne a shago. Wanda tasa ba ta yi, sai ya koyi canza gilashi a cikin ɗaki, bakin kyamara na kallon ƙasa, ya kuma mallaki ɗan famfon roba na hura iska. Kada a hura da baki, kada a goge da gefen riga. Mun fi ba da shawarar a ɗaura gilashi ɗaya mai zuƙowa da nesantawa a bar shi a kai har a tashi daga biki.

Zafi ma haka. Littafin da ke zuwa da yawancin waɗannan kyamarori yana cewa an yi su ne su yi aiki daga awo 0 zuwa 40 na ma'aunin zafi, mu kuwa a bazara, watannin Afrilu da Mayu, zafin ƙasar Maraɗi yakan haura 40 a inuwa ma. A hoto ba a cika samun matsala ba, amma a dogon bidiyo ƙaramar kyamara takan ɗau zafi ta kashe kanta, kuma ba ta san ana tsakiyar ɗaurin aure ba. Hatta Canon R5 mai tsadar gaske ta sha suka a kan wannan lokacin da ta fito a 2020. A nan ma a tambayi iyakar mintocin da take ɗauka a jere, domin da yawa daga cikin tsofaffin samfura, har da A7 III da M50, suna tsayawa da kansu kafin cikar minti 30, sai an sake dannawa, yayin da a6400 ba ta da wannan iyaka.

Akwai wani abu ƙarami da mu a ganinmu ya fi yawan abubuwan da ake tallatawa muhimmanci, shi ne ramin katin memori. Wasu kyamarori rami ɗaya gare su, wasu biyu, inda kowane hoto ke shiga kati biyu a lokaci guda. Kati yakan lalace ba sallama. Atamfa idan ta yi aibi ana canza wa mai saye, amma ranar kai amarya ba a maimaita ta, kuma mai hoton da ya je ya ce wa uwar amarya, "Hajiya, ki yi haƙuri, hotunan sun goge," a gari irin Gabi inda kowa ya san kowa, ya gama sana'a a wannan dangi da maƙwabtansu. Sony A7 III da Nikon Z5 da Canon R7 suna da rami biyu. Canon R50 da Nikon Z50 da Sony a6400 ɗaya gare su. Mai rami ɗaya sai ya riƙa sayen kati na ainihi, ya raba aikin wuni a kati biyu ko uku, ya kwashe su a waya ko kwamfuta a daren.

Abin da mai shago zai fi cika wa yaro kunne da shi kuwa, wato yawan megafiksel, shi ne mafi ƙarancin amfani. Hoton da ake wankewa a sa a albam, mai santimita 10 da 15, megafiksel 2 da 'yan kai ya ishe shi ya fito tsaf, mai girman takardar ofis kuma bai kai 9 ba. Ban da Lumix G1 ta 2008, duk samfuran da muka ambata da sunansu babu wanda ya gaza 18. Wanda za a tura ta WhatsApp ma manhajar matse shi take yi. Haka batun babban sensa, mai milimita 36 da 24, wanda ya ninka ƙaramin fiye da sau biyu a girman fili. Gaskiya ne ya fi kama haske da dare, amma kuɗinsa da na gilasansa sun fi yawa. A7 III ta fito a 2018 a kan dala 2,000, dalar Amurka fa, ba dalar kasuwarmu ta sefa biyar ba, alhali a6400 ta fito a kan 900, R50 kuma a 2023 ƙasa da 700, duk ba tare da gilashi ba.

Sau da yawa ma ciwon da yaro ke kuka da shi ba na kyamara ba ne, na gilashi ne. Wanda ake haɗowa da kyamara a kwali ƙaramar ƙofa gare shi, idan aka zuƙo yakan tsaya a lamba 5.6 ko 6.3, kuma a wannan lissafi ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Gilashi mai lamba 1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na mai 5.6, kuma yana cikin mafi araha a kowane gida. Mai hoton da hotunansa na ɗakin amarya ke fitowa da duhu da dishi-dishi, idan ya sayi irin wannan da filasha mai kyau ya ɗora wa tsohuwar 700D ɗinsa, zai iya ganin canjin da sabuwar kyamara da gilashin kwali ba za ta ba shi ba, da kuɗin da bai kai rabi ba. Sai dai a kan ƙaramin sensa mai milimita 50 yakan matse a ƙaramin ɗaki, na 30 ko 35 ya fi dacewa.

Idan an yanke shawarar saye, galibi hanya ta Ɗan Isa da Jibiya za ta bi zuwa Katsina ko Kano, ko kuma a aika wani ya taho da ita daga Legas ko Dubai. Mu dai muna ganin zuwa da kai ya fi aike. A je da katin memori da gilashin da ake da shi, a ɗauki hoton farin bango a duba ko akwai ɗigo, a yi bidiyo na minti ashirin a ji ɗumin jikinta, a haska cikin gilashi da tocila ko akwai wani abu kamar saƙar gizo. A nemi a ga adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, domin ƙyauren kyamara yana da iyakar rayuwa kamar injin mota, a ƙananan samfura yakan kama daga dubu 100 zuwa dubu 200. A duba harshe, saboda kyamarorin Sony da aka yi domin kasuwar cikin Japan da Japananci kaɗai suke zuwa, ba Faransanci ba Turanci. A kuma duba ko tana yin bidiyo a tsarin hoto 25 cikin daƙiƙa, wanda ya dace da wutar Nijar da Najeriya, domin wasu da aka yi wa kasuwar Amurka ba su da shi, sai ka ga bidiyon yana ƙyaftawa a ƙarƙashin ƙwan lantarki. Kafin a biya kuma a tambayi wa ke gyaranta kuma a wane gari, tunda iyakar nan an rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an sake rufewa daga 2023 zuwa Maris na 2024, kuma kyamarar da ke wurin mai gyara a ƙetare ba ta kawo ko dala.

Canjin kuɗi shi ma abin lura ne. Sefa a ɗaure take da Yuro, 655.957 a kan kowane ɗaya, naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 ta tashi daga wajen 460 a kan dalar Amurka ta haura 1,500 a farkon 2024. Farashin da wani ya faɗa maka a watan jiya ba hujja ba ne, a tambayi na ranar, a kuma mayar da shi sefa kafin a yi ciniki.

Sannan a zauna a yi lissafin da kowace mai sayar da mai da gishiri ta iya. A ce, misali, kyamara da gilashi da batura sun ci sefa dubu 600, kuma abin da ke saura wa yaro a kowane biki bayan ya cire man babur da wankin hoto dubu 10 ne. Biki 60 ke nan kafin uwar kuɗi ta dawo, kuma bukukuwa da lokacinsu suke zuwa, bayan kaka, gabanin azumi da bayan salla, da damina kuwa kowa yana gona. Ainihin tambayar ma ita ce, sabuwar kyamarar za ta sa a ƙara masa kuɗin aiki, ko ta kawo masa aikin bidiyon da a da yake mayarwa? Idan amsar a'a ce, kwalliya ce kawai za a saya. Kada kuma a manta da halin da hanyoyin bakin iyaka ke ciki na 'yan bindiga, wanda ya sa ɗora dukkan jarin gida a jaka ɗaya a bayan babur ya zama abin a yi tunani sau biyu.

A namu ganin, mai gilasan Canon ya tsaya gidansu, R50 ko R10 da adafta idan jarin kaɗan ne, R7 idan da hali. Mai na Nikon ya dubi Z50 ko Z5. Wanda zai fara daga tushe kuma bidiyo ne rabin aikinsa, a6400 ta hannu mai lafiya da batura uku za ta fisshe shi, idan aiki ya buɗe ya hau A7 III ba tare da ya bar gidan ba.

Su kuwa 'yan uwanmu mata masu tallata atamfa da leshi da turaren wuta da kayan kicin a WhatsApp, waɗanda wasunsu suka fara tambaya ko su ma sai sun sayi irin wannan kyamara, amsarmu ita ce a'a. Wayar da ke hannunku ta isa. A goge idonta da tsumma mai laushi, a shimfiɗa kayan a inuwa kusa da bakin ƙofa da hantsi ko bayan la'asar, a sa farin ƙyalle a ƙasa don launin atamfar ya fito yadda yake, kuma a kashe filashar wayar, domin ita ce ke mayar da shuɗi ya koma toka-toka har mai saye ta ce ba wannan ta zaɓa ba.